Likita Ya Ce Kada In Ɗauki Ciki, Surukata Ta Ce Son Jiki Ne

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 25, ina da 'ya'ya biyu duk mata, ƙaramar watanta bakwai. Tun kafin in yi arba'in na fara haki. In na ɗauko bokitin ruwa daga tsakar gida sai na zauna na huta kafin in kai ɗaki. Ƙafafuna suka kumbura har silifas ya daina shiga, da dare kuma sai na jera filo uku, wata rana ma a zaune nake kwana. A gidanmu aka ce ɗanyen jego ne, ban gasu ba, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara kanwa a kunu. Sai daren da tari ya sarƙe ni aka kai ni asibiti, na yi kwana tara. Da aka yi hoton zuciya likita ya ce zuciyata ta kumbura ta yi rauni, ƙarfin bugunta 30 ne, ya ɗora ni a kan magunguna huɗu, ya kuma ja mini kunne kada in sake ɗaukar ciki sai ya ba da izini.

Maigidana ɗan kasuwa ne, ba mai ƙarfi ba. Ya yi ƙoƙari, wata biyar yana sayen magani. Da ya ga na murmure sai ya ce ai na warke, kuɗin ya yi yawa. Yau sati uku ke nan biyu daga cikin magungunan sun ƙare, kuma ƙafata ta fara tasawa. Mahaifiyarsa tana cewa son jiki ne, ita da ta haifi tara ba ta taɓa jin ciwon da ke hana mace daka ba. Ta ce ɗanta yana bukatar ɗa namiji, in ba zan iya ba ya nemo wadda za ta iya. Shi bai ce komai ba, amma na ji ana zancen wata yarinya a unguwarsu. Mahaifiyata kuma kullum kuka, wai ita ta jawo mini da wankan jego. Wallahi Anti har na fara tunanin in bari cikin ya shiga, ko Allah zai sa in samu namiji a bar ni in huta. Amma da dare in na kalli yarana sai in ji tsoron mutuwa. Ki ba ni shawara.

Maman Yara Biyu

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne.

Zan fara da ƙafar nan da ta fara tasawa, domin zancen suruka da na kishiya duk za su iya jira zuwa mako mai zuwa, ita kuwa ba za ta jira ba. Ki koma asibiti cikin kwanakin nan, kada ki tsaya sai ranar da aka rubuta miki a kati. Ki tafi da kwalayen magungunan har da waɗanda suka ƙare, ki faɗa wa likita gaskiya cewa sati uku ba ki sha ba, kuma kuɗi ne ya hana. Kada kunya ta sa ki ce mantuwa ce. Likitan da ya san matsalar kuɗi ce zai iya sauya miki zuwa samfurin da ya fi araha, ya kuma gaya miki wanda ko ana ha-maza-ha-mata ba a fashinsa. Wanda bai sani ba kuwa zai ɗauka maganin ne ba ya aiki, ya ƙara miki wani mai tsada. In kuma kafin nan numfashi ya fara yi miki wuya kina zaune ba ki yi aikin komai ba, ko tari ya zo da kumfa, ko kika ji jiri kamar za ki suma, ko ƙirji ya riƙe, ko baki ya karkace ko wani ɓarin jiki ya saki, to ko ƙarfe biyun dare ne a nemo mota.

Ciwon nan naki sananne ne, likitoci sun daɗe da saninsa: raunin tsokar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Aikin zuciya shi ne ta matsa ta tura jini. Lafiyayyar zuciya duk bugu ɗaya tana fitar da kashi 55 cikin 100 ko fiye na jinin da ke babban ɗakinta na hagu. Taki da aka auna 30 take fitarwa. Abin da ta kasa turawa sai ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu ya sa haki da tari, ya sauka ƙafa ya sa kumburi. Shi ya sa in kin miƙe a kwance ruwan yake komawa ƙirji, ki kasa numfashi sai da filo uku. Kin ga babu son jiki a nan ko na anini.

Kuma ba ke kaɗai ba ce, abin ma ya fi yawa a ƙasarmu fiye da kusan ko'ina a duniya. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta cewa a Zariya kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu tana samun gazawar zuciya a lokacin jego. A baya-bayan nan Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitocin Najeriya, wanda aka buga sakamakonsa a 2020. Mata 406 masu wannan ciwo aka tattara, mafi yawansu 'yan Arewa maso Yamma, inda aka samu ɗaya cikin haihuwa 96. A Amurka lissafin yana tsakanin ɗaya cikin 1,000 ne zuwa ɗaya cikin 4,000. Saboda haka in Hajiya ta ce ba ta taɓa jin irin wannan ciwo ba, ni na yarda ba ta taɓa jin sunansa ba. Amma ki tambaye ta cikin ladabi, wata rana da take cikin raha, ko a zamaninsu ta san wata mai jego da ta kumbura ta rasu kafin a yaye yaron. Zai yi wuya a ce ba ta sani ba. A lokacin iska ake cewa, ko sanyi ya shige ta, ko ba ta gasu ba.

Ni kaina na san ɗaya. Muna yara akwai wata amarya a maƙwabtanmu, haihuwar fari. Ina tuna ta zaune a ƙofar ɗaki ta jingina da buhun gero, an yanka mata awarwaron hannu saboda ya nutse a cikin nama, tana magana kalma biyu-biyu tana tsayawa. Mu yara dariya abin yake ba mu, muna kwaikwayonta a bayan gida. Ba ta kai damina ba. Sai da na girma na fahimci abin da na gani, kuma babu wani mugu a gidan nan, duk sonta suke yi, kullum da turaren hayaƙi da rubutu. Ke Allah Ya taimake ki an kai ki inda aka gane ciwon.

Mahaifiyarki kuma ki share mata hawaye. Likitocin farko sun ɗora laifin a kan wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da cewa su ne tushen ciwon ba, domin matan da ba su taɓa wankan ganye ba ma yana kama su, har a Turai. Abubuwan da aka fi gani tare da shi su ne hawan jini na masu ciki, da rama da ƙarancin abinci mai gina jiki, a Kano kuma an samu ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jinin da yawa daga cikin masu ciwon. Abin da yake gaskiya shi ne kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki riƙe ruwa, ruwan zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya aiki, don haka sukan tsananta ciwon da ya riga ya kama. Ki ce mata, "Inna, ba ke kika sa mini ba, abin da aka yi miki ne kika yi mini." Sannan ki ba ta aiki, don mai jin nauyi a zuciya ya fi samun sauƙi in an ba shi abin yi: ta zama ita ce mai tsaya miki a kan kanwa da gishiri, kuma ranar da ƙannenki suka haihu ta zama ta farko da za ta ce a tafi asibiti in an ga mai jego tana haki.

Yanzu ga babbar maganar, wadda kika saka a ƙarshen wasiƙa kamar ba ita ce ta sa ki rubuto ba. Kada ki bari cikin nan ya shiga, 'yata. Ban faɗa da sassauci ba don babu wurin sassauci. Ciki yana ƙara yawan jinin jikin mace da kusan rabi, kuma zuciya ce ke ɗaukar wannan kaya wata tara, sannan ga naƙuda. Zuciyar da take kokawa da jikin mutum ɗaya ba za a aza mata na biyu ba. A ƙa'idar likitocin zuciya, macen da ta yi wannan ciwo kuma ƙarfin zuciyarta bai dawo daidai ba tana rukunin da aka fi hana wa ciki, saboda haɗarin sake durƙushewar zuciya har da rasa rai. Ga kuma magungunan: irin su lisinopril da enalapril, da galibi ake ba masu ciwonki, suna yi wa ɗan tayi illa, musamman ƙodarsa. Sannan ki duba lissafin naki da kyau. Ki sa ranki a faifai, cikin kuma ya zo mace, sai me? A sake wani? Namiji da mace ba daga gare ki suke ba, Allah ne ke bayarwa, a ilimin likita ma daga ɓangaren namiji abin yake fitowa. Kuma ko namijin ne, wa zai raine shi, wa zai yi wa 'yan matan nan biyu kitso?

Amma ki lura, likita bai ce har abada ba. Cewa ya yi sai ya ba da izini. Wannan ciwo yana cikin ciwukan zuciya da ake farfaɗowa daga gare su. Wasu cikin wata shida zuciyar take komawa daidai, wasu shekara ɗaya, wasu fiye, wasu kuma takan tsaya da rauni su rayu da magani. Abin da ke ba ta damar murmurewa shi ne magungunan nan da aka daina saye. A nan ne maigidanki ya yi kuskure, kuskuren da kusan kowa ke yi. Maganin fitsari irin Lasix shi ke zuƙe ruwa, kumburi ya saɓe, haki ya tafi, a ga mutum garau. Sauran kuwa, waɗanda ba a ganin aikinsu da ido, su ne ke rage wa zuciya nauyi a hankali har ta gyaru. Fuska da ƙafa ba sa nuna warkewa, hoton zuciya ne kaɗai ke nunawa. Ki roƙi likita a sake miki shi tunda an wuce wata shida, ki ji lambar da kunnenki, ki rubuta ta a bayan kati. Ko lambar ta dawo daidai, likita ne zai ce yaushe za a rage magani, kuma cikin da zai biyo baya sai da shiri, da awo a babban asibiti inda likitan zuciya da na mata suke tare.

Kada ki dogara da shayarwa ta tsare ki. Bayan wata shida, ko da zarar al'ada ta dawo, kwanika na iya shiga ba sallama. Ki nemi a tura ki sashen tazarar haihuwa, ki gaya musu ciwonki tun daga bakin ƙofa, domin ba kowace hanya ce ta dace da ke ba. Ƙwayoyin da ake sha kullum masu haɗin sinadari biyu suna iya sa jini ya daskare a jijiya, masu raunin zuciya ba a ba su. Wanda ake sawa a damtse, da mata ke ce wa ashana, da robar mahaifa, su aka fi zaɓa wa irinki. A ɓangaren addini kuma kada wani ya rikita ki. A Suratul Baƙara, aya ta 233, wadda ta yi maganar shayarwa shekara biyu, Allah Ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje don kada ciki ya shiga, a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai ba su yi saɓani ba a kan halaccin jinkirta ciki idan amintaccen likita ya ce ran uwa na cikin haɗari. In maigida na da malamin da yake jin maganarsa, a kai masa tambayar tare da takardar asibiti.

Shi maigidan naki, ban ga mugun mutum a wasiƙarki ba. Wanda ya yi wata biyar yana cire kuɗin magani daga jarinsa a wannan zamani ba wanda ba ya sonki ba ne. Ya gaji, yana tsoron kuɗi, kuma ga uwa a gefe, wadda ba zai iya ɗaga wa murya ba. Shirunsa shi ne laifinsa, ba zan wanke shi a kan wannan ba. Sai dai ina zargin bai taɓa jin bayanin daga bakin likita ba. Mazanmu sun saba su tsaya a bakin get ko wajen biyan kuɗi, matar ta shiga ta fito ta ce "an ce kaza". "An ce" kuwa ba ta da nauyi a gaban maganar uwa. Saboda haka wannan karon ku shiga tare. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ki fara da godiya a kan abin da ya kashe, ki nuna masa ƙafarki, ki danna yatsa a ƙaurinki ya ga ramin da ke zama. Ki ce, "Abban yara, ban nemi komai ba sai ka raka ni ka ji da kunnenka." A can ki roƙi likita ya nuna masa hoton, ya faɗa a gabansa abin da ciki zai iya yi miki. Gani ya kori ji. Ku kuma yi lissafin kuɗin maganin wata guda ku kwatanta da abin da kwana taran nan suka ci. Ɗan kasuwa ne, wannan yaren zai fi saurin ganewa.

Kuɗin kuma kada a bar wa mutum ɗaya. Ki sanar da mahaifinki ko waliyyinki da yayyenki halin da ake ciki, ba da sigar kai ƙara ba. Ku tambaya a asibiti ko akwai ofishin jin ƙai na marasa ƙarfi, manyan asibitoci suna da shi. Jihohi da dama yanzu suna da hukumar taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano, ku bincika yadda ake shiga ta jiharku. Ko adashi kike zubi, kwasar nan ta magani ce kafin ta atamfa.

Hajiya kuwa, kada ki yi musu da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ɓacin rai ba ya yi wa zuciyarki daɗi. Ta haifi tara lafiya, da ma'auninta take auna ki. Ba ke za ki sauya mata ra'ayi ba. Ɗanta ne, bayan ya ji daga likita, ko wata sa'arta da take ganin girmanta, ƙanwarta ko aminiyarta ko wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a dangi. In za ta yarda ta bi ku asibiti sau ɗaya ta zauna a layin masu ciwon zuciya ta ga yara mata sa'o'inki da goyo a baya, wannan zaman zai yi abin da bakinki ba zai yi ba. Ke dai gaisuwa da kyautatawa kada su yanke. Daka da jan ruwa a rijiya da wanki a duƙe ki bar su, ki kama abin da ake yi a zaune, tsince shinkafa, gyaran ganye, yankan kuɓewa, don a ga hannunki a aikin gida.

Maganar ƙarin aure na san ita ke cin ki, ba zan ce miki ba zafi. Amma har yanzu jita-jita ce, ki tambaye shi kai tsaye maimakon ki kwana kina saƙa da warwara. In ya ce babu, kin huta. In ya ce akwai, to ki sani ciki bai taɓa hana namijin da ya yi niyya ƙara aure ba, mata nawa aka yi wa kishiya suna da maza biyar. Abin da za ki tsaya a kai, a gaban manyanki da nasa, shi ne maganinki da zuwa asibitinki su zama a sahun farko kafin lefe. Mai kuɗin akwati ba zai ce ba shi da na magani ba. In kuma zaman ya kai inda ake hana ki magani ko ana tilasta miki ciki, ki tafi gida jinya da sanin iyayenki har a zauna a daidaita. Wannan ba yaji ba ne.

A girki, gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule ma gishiri ne, haka kanwar da ake jefawa a miyar kuɓewa da wake da ɗanwake. Ki ɗebi naki kafin a zuba, ki gyara da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Maganin ciwon jiki na kemis irin su ibuprofen da diclofenac suna tara ruwa a jiki, ki guje su, haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. In za ki samu sikeli ki riƙa hawa kowace safiya, ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba, a sanar da likita. Azumi ma ki tambaye shi kafin watan ya kama, marar lafiya yana da rangwame.

Tsoron da ke zuwa miki da dare kuma kada ki haɗiye shi ke kaɗai. Mata da yawa masu wannan ciwo suna shiga damuwa mai nauyi, ga jego ga jinya ga maganganu. In kin ga barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranki, kuka ba dalili, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa kumburi, shi ma ana maganinsa. Ranar asibiti ki dubi wadda ke kusa da ke a benci ki gaishe ta, ki tambaye ta watan ɗanta nawa. Za ki samu wadda ta fara da lamba irin taki yau tana zuwa sau biyu kawai a shekara, ku karɓi lambar wayar juna.

Ki sake rubuto mini bayan an yi hoton, ina son jin lambar, da kuma abin da Abban yara ya ce da ya fito daga ɗakin likita. Ki shafa mini kan 'yan matan.